Zabuwar Yumɓu a Fadar Dagaci

Tsufa ya fara ɗauke min abubuwa. Sai in yi ta neman ludayi alhali yana hannuna. Amma ranar da na ɗora kwandon zabbin yumɓu a kaina na kutsa fadar dagacinmu, wurin da mace ba ta saba buɗe baki ba, wannan kam ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni.

Ni maginiyar tukwane ce a wani ƙauye tsakanin Kiru da Kafin Maiyaƙi. Ban shiga aji ba sai da furfura ta fito min, bayan rasuwar maigidana, da na gaji da miƙa wa yara wayata su karanta min saƙo. Mutane suna cewa bakina ba shi da linzami, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Ɗana na ƙarshe, Auta, yana da shagon cajin waya a bakin kasuwa. Amininsa tun yarinta shi ne ɗan Ardon rugar da ke bayan garinmu, yaron da ya ci tuwona har na daina ƙirga shi cikin baƙi. A waya suka ga yadda wasu mutane a ƙasashen waje suke wasan yaƙi a kan tebur: a zana ƙasa, a jera ƙananan sojoji, a jefa ɗan ludo, kowa ya ja rundunarsa. Sai suka ce su ma za su yi nasu. Suka samo faffaɗan katako suka zana duwatsu da rafuka da fenti, suka ƙirƙiri ƙasar da babu ita a duniya. A cikinta akwai Mutanen Raɓa, masu hawan zabbi manya kamar raƙuma, da Mutanen Toka, waɗanda suke gina garuruwansu a bayan kunkuru. Akwai kuma dodon da yake shanye rafi in an ɓata masa rai. Kowace ƙabila da sarakunanta da tarihin wanda ya fara cutar wani.

Ni na gina musu mayaƙan da ragowar yumɓuna.

"Inna, a sa mata sirdi," in ji ɗan Ardo.

"Zabuwar ce za a sa wa sirdi? Kai da ka tashi cikin dabbobi?"

"Ai ba irin taku ba ce, Inna. Wannan tana da hankali."

A tsakar gidana suka fara bugawa, ina murza tukunya ina jin su, har dokokin suka zauna min a ka. Daga baya suka mayar da wasan shago, samari suka yi ta taruwa, na cikin gari da na ruga, ana cacar baki a kan ko kunkuru zai iya haye rafi da gari a bayansa.

Ana haka ɗan yayana ya dawo daga jami'a a Kano, inda ya karanta tarihi. Samari suna ce masa Farfesa don tsokana, shi kuwa yana amsawa da gaske. Ya kalli wasan ya taɓe baki. Ya ce wannan tatsuniya ce ta yara. Wasan yaƙi na ƙwarai, in ji shi, sai an gina shi a kan gaskiya: hanya ta ainihi, nisa na ainihi, runduna ta ji yunwa, damina ta hana tafiya. Zan faɗi gaskiya, rabin maganarsa daidai ce. Da ya sa dokar guzuri da dokar cikar rafi, wasan ya ƙara daɗi, don dole mutum ya yi tunani kafin ya motsa. Da ya tsaya a nan da na sa masa albarka.

Bai tsaya ba. Ya sa aka yi sabon katako, aka mayar min da zabbina da kunkuraina gida a buhu, har da tsohon katakon, aka ce ba a bukatarsu.

Wata rana na kai wayata caji na tarar da sabon katakon a kan benci. Da ban yi makaranta ba da na wuce shi kamar zanen tabarma. Amma na sunkuya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ga Ɗansoshiya, ga Kafin Maiyaƙi, ga sunan garinmu, ga burtalin da shanu ke bi, ga rafinmu, ga rugar Ardo a daidai inda take. Runduna ɗaya an rubuta mata Manoma, ɗayar Makiyaya.

"Auta, wane marar hankali ne ya rubuta wannan?"

"Wasa ne fa, Inna. Farfesa ya ce ki gina mana masu fartanya da masu sanda."

"Ka gaya wa Farfesa hannuna bai iya ba. Kuma ka kankare sunayen nan."

Dariya ya yi. Suka ci gaba da marafan kwalaben lemo a madadin mayaƙa. Ɗan Ardo kuwa ya daina zuwa. Na tare shi a hanyar rijiya na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba zan iya jefa ɗan ludo a kan bukkar uwata ba."

Da kaka ta zo, shanu suka shiga gonar dawar wani mutumin garinmu kafin a kwashe, aka yi hayaniya har aka fasa wa wani makiyayi kai. Gari ya ɗauki zafi, gaisuwa ta gajarta. A cikin wannan hali, ranar kasuwa, samarin shago suna tsaka da wasansu sai ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Na zagaye ruga ta bayan rafi, saura a sa wuta." Wani ɗan acaɓa da ya zo karɓar wayarsa ya ji, ya ɗauki hoton katakon ya wuce. Kafin la'asar hoton ya kai ruga, ya kai ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, da bayanin cewa ga taswirar hari.

Washegari babu mace ko ɗaya da ta shigo da nono. Da hantsi aka zo aka gaya min 'yan sintiri sun tafi da Auta da katakon fadar dagaci, tunda shagonsa ne, kuma in ba a sami gamsasshen bayani ba, bayan azahar za a miƙa shi ga hukuma. Na san abin da wannan yake nufi. Saurayin da aka tafi da shi da sunan mai shirya hari, ko an sake shi, sunan ba ya sakinsa.

Ban yi kuka ba. Na zazzage buhun nan a kwando, na jawo tsohon katakon daga bayan rumbu na sa a hammata, na yafa mayafi.

Fadar ta cika. Dagaci yana kan kujerarsa, Ardo a gefe da mutanensa, ɗansa a bayansa ya kafa ido a ƙasa. Auta yana durƙushe a tsakiya. Na tarar Farfesa yana bayani, kuma kowace kalma tasa ƙara ɗaure ɗana take yi.

"Ranka ya daɗe, babu kuskure ko ɗaya a taswirar nan. Ni da kaina na bi hanyoyin a babur na tabbatar."

Ardo ya ce a hankali, "To ai abin da muke faɗa ke nan."

Dattawan wurin dara suka sani, da ludo, da karta. Ba wanda ya taɓa jin wasan da ake yi da taswirar garin mutane. Shaidar samarin gari ba ta da amfani, don su ake zargi. Mutum ɗaya ne maganarsa za ta yi nauyi, wato ɗan Ardo, shi kuma ya kulle bakinsa. Ban ga laifinsa ba. An fasa wa ɗan'uwansa kai, kuma mahaifinsa bai san da hannunsa a wasan ba. In ya yi magana, mutanensa za su ce ya sayar da su.

Na sauke kwando na durƙusa na yi gaisuwa yadda ta kamata. Wani bafade ya ce mata su koma waje. Na ce masa ni na haifi wanda ake shari'ar, in akwai wanda ya fi ni kusa da shi ya taso in ba shi wuri. Dagaci ya ɗaga hannu ya ce a bar ni.

"Ranka ya daɗe, ban zo wanke wancan katakon ba. Wauta ce, na gaya musu tun farko, kuma Baffa Ardo yana da gaskiya da ransa ya ɓaci. Amma ba shirin hari ba ne, wasa ne da aka lalata. Ga asalinsa."

Na shimfiɗa tsohon katakon, na fara jera mayaƙana. Ardo ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa.

"Wannan kuma mece ce?"

"Zabuwa ce, Baffa. Dokin Sarkin Raɓa."

Aka ɗan yi gunaguni. Wani ya ce matar nan ta zautu. Ban kula shi ba, don ba da su nake ba. Na san wani abu game da masu wannan wasan wanda ba wanda ya sani a fadar: za su iya jure zagi, za su iya jure yunwa, amma ba za su iya jure a ɓata musu tarihin ƙasarsu ta ƙarya ba. Na sha ganinsu a tsakar gidana sun bar tuwo ya huce a kan irin wannan.

Sai na fara bayani da babbar murya, ina karkata shi da gangan. Na ce Mutanen Raɓa su suka fara cin amana. Na saci kallon ɗan Ardo, na ga muƙamuƙinsa ya motsa, don ƙabilarsa ce, shi ya ƙirƙire ta. Na ce sarkinsu matsoraci ne, da ya ga dodo ya gudu. Yaron ya ɗago kai ya sake sunkuyarwa. Sai na ɗauki zabuwar na tsoma ta a rafin fenti, na ɗaga ta sama na dire ta a bayan kunkuru.

"Ka gani, ranka ya daɗe, ko ana tsuga ruwan sama zabuwar nan tashi take da mayaƙa a bayanta, ta faɗa garin Toka ta cinye."

"A'a, Inna, ba ta tashi in ta jiƙe."

Ɗan Ardo ne. Maganar ta riga ta fita kafin ya san ta fita.

"Ashe?" na ce. "Wa ya ce?"

"Ni na sa dokar. Sai ta bushe tukuna, shi ya sa Raɓa ba sa yaƙi da damina. Kuma sarkin bai gudu ba, janye dodon ya yi daga garinsa."

Ardo ya juya ya kalli ɗansa. Ya yi masa tambaya da Fulatanci, yaron ya amsa. Sannan ya matso tsakiya ya durƙusa kusa da Auta, ya faɗi komai da Hausa: yadda suka fara tare, yadda aka canja sunaye, dalilin da ya sa ya fita. Ya ce Auta wawa ne amma ba mugu ba ne. Ban taɓa jin daɗin an zagi ɗana ba sai ranar.

Ardo yana nan riƙe da zabuwar. Can sai ya ce, "Dokar jiƙewar daidai ce. Amma sirdin nan ƙarya ne. Zabuwa ba ta yarda a ɗaure ta."

"Haka na gaya masa, Baffa. Ya ce tasa tana da hankali."

Dagaci ne ya fara dariya, sannan ta bazu. Kafin a kira azahar, dattawan da suka zo yanke hukunci suna musu a kan ko kunkuru zai iya ɗaukar gari. Ba wai rigimar gonar ta mutu a nan ba, wannan sai da aka sake zama aka sasanta ta daban. Amma Auta a gabana ya koma gida, ina biye da shi ina faɗa masa abin da ba zan rubuta a nan ba.

Dagaci ya ba ni katakon mai sunayen gaskiya ya ce in yi yadda na ga dama da shi. Na faskara shi na gasa tukwane, kuma sun gasu da kyau. Farfesa ya yi kwanaki ba ya gaishe ni, daga baya ya zo da kansa ya roƙa a bar dokar guzuri da ta damina a tsohon wasan. Na ce a bari mana, ai ba su suka yi laifi ba. Har yau ana buga shi a shagon, na gari da na ruga, kuma sau da yawa ɗan manomi ne ke jan Raɓa, ɗan makiyayi yana jan Toka, ba wanda ya damu.

Abin da ranar ta koya min shi ne, wasa yana bukatar gaskiya a dokokinsa: a ji yunwa, rafi ya cika, fiffike ya jiƙe. Amma wanda za a kai wa hari, a bar shi ya zama wanda Allah bai halitta ba. In yaranku za su yi yaƙi a kan katako, ku ba su dodo da zabuwa mai sirdi, kada ku ba su sunan maƙwabcin da gobe za su gaisa da shi a bakin rijiya.