Ruwan Duniyar Mas da Rijiyar Gidanmu

Sati uku wani dattijo mutumin Chinade ya yi yana haƙa mana rijiya a gidanmu na Azare, ko danshi ba mu gani ba. Kullum na leƙa sai ya ce, "Saura ƙiris, Malam."

Wata safiya ina zaune a bakin ramin, haushi ya ishe ni, sai na ga labari a waya, wai masana sun gano ruwa a duniyar Mas. Na leƙa na ɗaga murya da gayya.

"Baba, ka ji? Mutane sun gano ruwa a wata duniyar, kai ka kasa a tsakar gida!"

Ƙarar diga ta tsaya. Ya ce, "Gaba nawa suka haƙa?"

"Ba su haƙa ba. Na'ura ce ta nuna alamarsa can ƙarƙashin duwatsu."

"Sun sha?"

"A'a."

"Ko alwala?"

"Ba su yi ba."

"To ai ni ma tun ranar farko na gano naka, Malam. Yana ƙasa. Zuro min bokiti."

Na ajiye wayar, na kama igiya.