Mushe Zakiyyu, Ban Nemi Gafararka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mushe Zakiyyu (Mushe muke ce wa malamin boko), malamin lakwal, wato makaranta, a nan Tanout, bayan jinyar kwana huɗu.

Ni Habibu, mahaifin ɗalibarka Hajjo, ni ne na fi kowa tsananta maka, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kai ne kake jan yara zuwa kasuwa, ka ce su rufe ido su saurara: guduma a maƙera, kukan motocin Agadas a tasha, luguden mata a bayan katanga. Ku koma aji, su buga abin da suka ji a kan benci, ku ɗora masa waƙa. Mu iyaye muka fusata. Ni na tara mutane, muka tsaya gaban darakta, shugaban lakwal, na ce, "Karatu muka kawo su yi, ba roƙo ba. A ɗauke mana shi."

Ranar taron, farfajiyar lakwal ta cika, murya na hawa kan murya. Takardar neman a canza maka gari tana hannun darakta, sa hannu kawai ya rage. Ba ka kare kanka ba. Ka dube ni ka ce, "Malam Habibu, ka ba ni izini Hajjo ta tashi."

Hajjo tana da in'ina, ba ta taɓa kai ƙarshen magana a gaban baƙi ba. Ta miƙe. Wani ya yi dariya. Na yunƙura zan janye ta, sai ka fara buga benci a hankali, irin bugun maƙera. Ta buɗe baki. Baiti uku ta rera, harshenta bai sarƙe ko sau ɗaya ba.

Darakta ya ninke takardar, bai sa hannu ba. Ni kuwa na juya na tafi, girman kai ya hana ni neman gafararka. Wata bakwai muna haɗuwa a masallaci, kai kake fara miƙo mini hannu, ina cewa a raina sai gobe.

Jiya Hajjo ta tambaye ni, "Baba, kun shirya da Mushe?" Sai na ɗauko takarda na fara wannan rubutu.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa uwargidanka Hadijatu da ƴaƴanka ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri. Kuma ina roƙon ku, a madadinsa, ku yafe mini.