Ranar da Baffa Ya Jefa Autanmu a Kogi

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, wannan kam yana nan daram. Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ana fitowa daga sallar la'asar, aka shigo da autanmu gida a kafaɗa, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Na riƙe lokacin ne saboda ina zaune da agogo a gabana ina bitar jarrabawa. Kwalekwalen da ke dawo da yara daga gonar shinkafa ne ya kife, a shekarar da ambaliya ta shanye hanyar ƙauyenmu, can wajen Guri. Shi an tsamo shi da rai. Abokinsa, ɗan maƙwabtanmu, sai washegari aka ga gawarsa.

Shekararsa bakwai a lokacin. Yaron da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya daina magana. Ya koma fitsarin kwance. In Inna ta ɗauko bokitin wanka sai ya ƙanƙame turmi yana kururuwa, rannan har ya cije ta a hannu. Aka ce iskar ruwa ce, aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu.

Abin da har yau yake tafasa min zuciya shi ne maganin Baffa, yayan mahaifinmu. Mu masunta ne tun kaka da kakanni. A gidanmu in yaro yana tsoron ruwa, ɗaukarsa ake yi a jefa, manya na tsaye, ya yi ta fafutuka har ya iya iyo. Baffa bai ga bambanci ba tsakanin yaron da bai taɓa shiga ba da wanda ruwa ya cinye abokinsa a gabansa.

"Ɗan gidan nan ne yake gudun bokiti?" in ji shi. "Sangarta ce. Ku ba ni shi."

Ya kai shi bakin kogi, daidai inda abin ya faru, ya cilla shi. Samari na dariya suna cewa, "Buga ƙafa mana, auta!" Bai buga ba. Sakin jiki ya yi kawai ya nutse, sai da aka shiga aka ɗauko shi. Daga ranar ko abinci sai an yi da gaske.

Ni mai kunya ce, ko a aji ba na ɗaga hannu sai na tabbatar da amsa. Amma na ji malamar lafiya a makarantarmu ta Haɗeja ta ce akwai likitar da ke ganin yara masu damuwa da sauyin hali a asibiti. Na faɗa wa Baba, Baffa na zaune.

"Wajen mahaukata?" Baffa ya ajiye komar kamun kifin da yake ɗinkewa. "Bokon naki ke nan? Ki ja a riƙa nuna gidanmu da baki?"

Na ce, "Baffa, ai tun ranar da ka jefa shi ake nunawa."

Inna ta riƙe baki. Baba ya juyo ya ce da ni, "Ki shirya shi gobe."

Ruwa ya riga ya janye, muka hau babur har Haɗeja. Likitar ba ta ɗauko allura ba. Ta saurare ni na jero mata komai daga farko, sannan ta sauko ta zauna a tabarma kusa da shi suna jera murafun kwalba. Ranar bai ce uffan ba, ita ma ba ta matsa masa ba. Muka ci gaba da komawa. Wata rana suna wasan ta ce, "Auta, a ina abokinka ya zauna a jirgin?"

Ya ɗago a hankali. "Kusa da ni. Ya riƙe hannuna. Ni na sake shi."

Duk watannin nan abin da yaron yake ɗauke da shi ke nan. Gida cike da manya, kowa da maganinsa, ba wanda ya tsuguna ya tambaye shi. Likitar ta ce masa ƙarfin ambaliya ya fi hannun ƙato, balle nasa. Ya kifa kai a cinyata ya yi kukan da bai yi ba tun ranar.

Yanzu ya girma, da ƙafarsa ya koma kogi. Baffa har gobe cewa yake jifarsa ce ta yi aiki, ni kuwa in ya fara sai in tashi in ba shi wuri. Abin da na koya shi ne, yaron da halinsa ya sauya magana yake yi, a fara tambayarsa kafin a nemo masa magani.

Ranar da autan ya yi maganar a asibiti, muna fita na juyo na ce, "Likita, me zan ce wa mutanen gida? Taɓin hankali ne, ko taurin kai?"

Ta ce, "Ki ce musu ba ko ɗaya. Yaro ne ya tsorata, kuma duk lokacin da ya nuna muku, sai ku ƙara tsorata shi. Ku daina, sauran aikin namu ne ni da shi."