Ranar da Na Goge Allon Baba da Inji

Shekarun baya, lokacin da gero ya yi tsadar da har masu noma shi suka koma awo da gwangwani, mahaifina ya fara ƙorafi a kan allonsa. Malami ne a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, kuma tun tasowata ban taɓa ganin hantsi ya dubi ludayi bai zauna a zaure ya yi rubutu ba. Allon nan malaminsa ne ya ba shi ranar saukarsa. Tawadar shekara da shekaru ta shige shi, ya yi baƙi ƙirin.

"Allon nan ya ƙi," haka yake cewa kullum. "In na rubuta ba na ganin abin da na rubuta."

Na ce zan sayo masa sabo ran kasuwa, ya dube ni kamar na zage shi. Mahaifiyata kuwa ta ja ni gefe ta ce, "Idonsa ne. Yanar ido ce, tun bara na lura. Amma kada ka faɗa masa, ka san halin Malam." Na sani. Na kuma san aikin ido a birni ya fi ƙarfin albashin malamin firamare irina a wannan shekarar. Sai na ga gara in bi bayan Baba, in ce laifin allo ne. Shi allo ai ana iya gyara shi.

Ina da aboki kafinta a Kano, na hau mota na same shi. Ya fito mini da injinan sanfefa na goge katako guda biyu. Ɗaya babba ne mai bel, yana cin katako kamar gara. Ɗayan ƙarami, bakinsa mai kusurwa uku, karkarwa kawai yake yi, da 'yar jaka a bayansa mai tara garin katako. Ni da son a gama da wuri, hannuna ya tafi kan babban.

"Mutumina, wannan in ka yi sake faifai zai mayar maka da allon," in ji abokina. Ya ba ni ƙaramin, da sanfefa mai kaushi ta farawa da mai laushi ta ƙarasawa. Ya ce kada in danna, in bar injin ya yi aikinsa, in riƙa bin tsawon katakon.

Garinmu ba wuta, sai da na roƙi mai cajin waya ya ara mini janareta bayan la'asar. Ina cikin haɗa waya Baba ya tambaye ni, "Garin da zai fito, ina za shi?"

Na ce ai iska za ta kwashe.

Fuskarsa ta sauya. "Alƙur'ani ne a jikin katakon nan. Tawadar da ta shige shi ba ta fita ba. Shi za ka bari ya zuba inda kaji da takalma ke bi?"

Kunya ta kama ni. Ni da na tashi na san ko ruwan wankin allo ba a zubar da shi ko'ina, amma murnar inji ta sa na manta. Da babban injin nan marar jaka na ɗauko, da a nan magana ta ƙare. Na nuna masa 'yar jakar, ya shafa ta, ya jinjina kai. Duk da haka sai da ya sa aka shimfiɗa farin mayafi mai tsabta, aka rufe ƙofar zaure, ya kuma ce in je in yi alwala. Ina jin ni ne mutum na farko da ya riƙe injin kafinta da alwala.

Aikin ya ɗau lokaci. Gumi na zuba, baƙin na janyewa kaɗan-kaɗan har farin katako ya bayyana. Da na gama, Baba da kansa ya juye jakar a ƙwarya, ya kaɗe mayafin a ciki, ya zuba ruwa, ya kai inda yake zuba wankin allo.

Washegari da hantsi ya tsoma alƙalami ya rubuta bisimilla. Hannunsa ya san hanya. Rubutu ya fito raɗau, daga bakin ƙofa nake karanta shi. Ya ɗaga allon, ya matso da shi, ya nesanta shi, ya karkata shi wajen haske.

Can ya ce, "Ashe ba allon ba ne."

Na ji takun mahaifiyata tana komawa cikin gida, ashe tana laɓe. Sai ya miƙo mini alƙalamin. "Zauna. Ni in faɗa, kai ka rubuta." Rubutuna kamar tonon kaji yake, amma na zauna, na karɓi alƙalamin.

Daga baya, da al'amura suka ɗan sassauta, an yi masa aikin, ido ɗaya ya dawo. Ranar ya karɓe alƙalaminsa, ya ce na ci zarafin allon ya isa haka.

Har yau in na tuna, ba na jin na yaudare shi, kuma ba na jin shi ma bai sani ba. Da na fito na ce idonsa ne, da ya musa, da kuma na ji na rage masa wani abu. Akwai maganar da ɗa ba ya iya faɗa wa ubansa. Abin da na iya kawai shi ne in goge allon, in tsaya a bakin ƙofa har ya faɗe ta da bakinsa.