Teburin Gindin Darbejiya

Har yau ina tuna safiyar da na shiga firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Zakirai, na tarar an fito da teburin hedimasta gindin darbejiya. Sawun ƙafafunsa huɗu na nan a ƙasa, inda aka jawo shi. Ina aji biyar na sakandare lokacin, mun riga 'yan firamare samun hutu, sai Malama Hadiza ta ce in zo in taya ta gwajin ƙarshen zango na 'yan aji ɗaya.

Ga ku da za ku taya ta bana, gwajin amsa-amo ne. A faɗa wa yaro kalma, ya kawo wata mai ƙarewa da irin sautinta. An ce wake, ya ce rake. Wanda ya kasa, ba zai bi 'yan ajinsu zuwa aji biyu ba sai ya sake zango. An zaunar da ni a teburin, Malama tana cikin aji tana turo su ɗaya bayan ɗaya.

Yara uku na farko, wani Sani da wasu biyu, ba wanda ya buɗe baki. Ta huɗu Ummi ce, wadda nake ji kullum ta katangarmu tana rera kalmomin nan tana wankin kwanuka. Tana isowa ta cire takalmi, ta durƙusa, ta miƙo mini tafin hannunta, ta rufe ido.

Na ce, "Ummi, mene ne?"

"Anti, wallahi ba ni na fasa tulun ba."

Sai a nan na gane. A makarantar nan ba a kiran yaro shi kaɗai gaban teburin nan sai ya yi laifi. Karatu kuwa tare suke yinsa, a kan tabarma, ɗaya ya ba da baiti sauran su amsa.

Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a ajinmu ba na ɗaga hannu. Na dai sauko na zauna a ƙasa kusa da ita, na juya hannun nata, na tafa da nawa kamar masu gaɗa.

"Dawa," na ce a hankali.

Ta buɗe ido ɗaya. "Rawa."

"Rogo."

"Dogo! Kamar Baban Sani!"

"Kaza fa?"

"Maza. Anti, ba ki da mai wuya ne?"

Dariyarta ce ta fito da Malama. Ta tsaya a bakin ƙofa da alli a hannu, ta ce, "Ke Ummi, ashe bakin nan yana aiki? Zulai, sa mata ta ci. Ke kuma tashi, kin ɓata hijabinki."

Ban tashi ba. Ta taga ina hango ukun farko, sun haɗa kai a lungu, ɗaya yana share hanci da hannun riga. Na riga na sa musu sun faɗi. Abin da aikin ya koya mini ke nan: kafin ka tambayi yaro abin da ya sani, duba inda ka tsayar da shi.

Na ce, "Malama, don Allah a ba ni tabarma, a sake turo mini su Sani."