Mzee Amour Ya Zaɓi Otal

Duk wanda ya taɓa sayen turare a kasuwar Kariyako ta Darussalam ya san Mzee Amour, wato Dattijo Amour. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kullum cikin farar jallabiya da ta sha guga. In ka shiga shagonsa neman turare 'yar kwalba, sai ka fito da turaren da kuma tarihin gidansu, wanda shi kyauta yake bayarwa. Gidansu, in ji shi, bene ne a tsakiyar tsohon birnin da ke tsibirin Unguja, mai ƙofar katako da ƙusoshin tagulla, wadda sai ƙarti biyu ke iya turawa. Kakansa attajirin kanumfari ne. Dangi kuwa duk sun koma Maskat. In ka tambaye shi me ya hana shi bin su, sai ya shafa gemu ya ce zafin can ne ba ya karɓarsa.

Ƙarya ce tsagwaronta. Sunansa na yanka Pandu, kuma a Kizimbwi aka haife shi, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin, cikin ɗaki mai rufin ganyen kwakwa. Tun yana saurayi ya hau jirgin kaya ya tsallako, ya jefa sunan Pandu a ruwa, bai sake waiwayawa ba. Ranar da aka aiko masa cewa uwarsa ta rasu, ya rufe shago da safe ya ce kansa ke ciwo, da yamma kuma ya buɗe, don ana gab da Salla, lokacin cinikin turare ne. Yana da yaya mace guda, Bi Miza, wadda ta goya shi a bayanta. Ko matarsa ba ta taɓa jin sunanta ba.

Matar, Chausiku, 'yar Morogoro ce, kowa Mama Nasra yake ce mata. Farkon aure ta matsa a kai ta ta ga gidan nan mai ƙofa, da ta ga kullum sai an samu dalili, ta haƙura. Abu ɗaya dai ta kasa ganewa: yadda jikan attajiri yake fasa ƙaguwa da haƙori, ya tsotse ta tas, ko tsoka ɗaya ba ya bari.

Haka suka tsufa lafiya, sai 'yarsu Nasra ta samu aikin banki, ta tashi yi musu alheri. Ta zo da babbar wayarta ta dire a gabansa.

"Baba, hutu zan kai ku Unguja, kai da Mama. Zaɓi otal ɗin da ranka yake so, kada ka dubi tsada."

Ya ture wayar gefe. "Ke Nasra, kin manta jirgin ruwa amai yake sa ni?"

"Jirgin sama za ku hau."

"Gidan namu fa an sayar wa wasu Indiyawa, ba sa son baƙi."

Mama Nasra ta leƙo daga kicin. "Baban Nasra, ni ƙofar kawai zan gani. Ko ita ma Indiyawan sun cire sun kai Maskat?"

Da ya ga babu mafita, sai ya rungumi zaɓen hannu bibbiyu, don mai zaɓen otal shi ke zaɓen inda ƙafa za ta taka. Wurare biyu yake gudu: birni, inda babu gidan da zai nuna, da Kizimbwi, inda akwai. Ya sa tabarau ya duƙufa a kan wayar, har shayinsa yana hucewa. Wannan otal ya yi kusa da birni, hayaniya. Wancan an ce baƙi na iya yawo cikin gari, rashin tsaro. Wani kuma ya yi alfaharin dafa abincin gargajiya, Mzee Amour ya ja tsaki ya ce shi ba zai hau jirgin sama don ya je ya ci rogo da kifi ba. Maƙwabta da suka ji yana ta watsi da manyan otal-otal suka ce lallai jinin arziki daban yake.

Daga ƙarshe ya samu wanda ya kwanta masa a rai. Sunansa na Italiyanci ne, shi kansa bai iya furtawa ba, bakin tekun ma wani sunan Turanci suka raɗa masa. An kewaye shi da doguwar katanga, ci da sha duk a ciki, babu dalilin fita. Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne ruwan. A kowane hoto teku ya cika maƙil, shuɗi shar, yana lasar matakalar ɗakuna. A Kizimbwi kuwa teku gudu yake yi. Yakan janye har sai ka sa hannu a goshi kafin ka hango shi, ya bar duwatsu masu yanka ƙafa da ƙarni. Wane Bature ne zai gina otal a nan? Ɗan masunci guda, wanda ya san hawan ruwa da saukarsa tun kafin ya san karatun allo, ya manta cewa mai ɗaukar hoto ma yana iya jira ruwa ya cika.

"Wannan," in ji shi, yana ƙwanƙwasa wayar da yatsa. "Mutum ya san wurin mutunci da gani."

Motar otal ta ɗauke su daga filin jirgi. Da farko yana ta nuna wa matarsa itatuwan kanumfari yana cewa duk nan gonakin kakansa ne. Da motar ta miƙi gabas, maganarsa ta ragu. Da ta karya kwana wajen wata tsohuwar rijiya, sai zufa ta jiƙe masa hula. An zuba kwalta, an yi shaguna, amma rijiyar tana nan inda ya sha jan guga. A ƙofar otal aka tarbe su da ganga da ruwan kwakwa, aka ɗaura wa kowannensu awarwaron roba a hannu, aka ce da shi ake shiga, da shi ake ci, kada a cire ko a wanka.

A tsakiyar otal ɗin akwai wata ƙatuwar kuka, an nannaɗe ta da ƙananan fitilu, an jera kujerun kishingiɗa a inuwarta. Kallo ɗaya ya yi mata ya sunkuyar da kai. Ya san ta reshe reshe. A bayanta mutanen Kizimbwi ke binne mamatansu, can aka sa ubansa. Yanzu ciyawa ce kore shar ana yi mata ban ruwa, da wani Bature kwance ya shafe tumbinsa da mai.

"Kai, wannan inuwa!" in ji Mama Nasra. "Nan zan riƙa wuni."

"Akwai sauro," in ji shi.

"Da rana tsaka?"

Washegari da hantsi teku ya yi halinsa, ya kwashe kayansa ya tafi. Can nesa mata suka bayyana cikin zannuwa, a duƙe, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi. Mzee Amour ya ja labule ya ce hasken yana cutar masa da ido. Ya koma rayuwar ɓera: daga ɗaki sai ɗakin cin abinci, da baƙin tabarau da malafa, yana yi wa ma'aikata Turancin da ya tsinta a kanti, kada harshensa ya zame a ji na Kizimbwi. Ya ci taliya mai ɗanyen ganye, ya ci nama da jini a ciki, yana cewa madalla, cikinsa kuwa yana kukan rogo.

Abin da bai lissafa ba shi ne halin matarsa. Mama Nasra ba ta barin abin da aka riga aka biya. Ta shiga ruwan wanka da zanenta, ta sa an matsa mata jiki, ta ɗanɗana kowane lemo. Sai ta ji cewa awarwaron har da yawon ganin ƙauye.

"Tashi mu je."

"Me zan gani a ƙauye? Awaki?"

"To zauna. Ni zan je in tambaye su ko sun san gidan su Amour mai ƙofar tagulla."

Ya riga ta shiga mota.

Aka sauke su tare da Turawa a ƙofar wani gida mai rufin ganyen kwakwa, rabinsa an yi masa kwano. Mai yi musu jagora ya ce a nan za su ga yadda mutanen dauri suke rayuwa. Wata tsohuwa tana zaune a tabarma tana murza igiya a cinya, ta rame, ta ranƙwafa. Ta ɗago ta yi murmushin aiki, wushirya ta bayyana. Ta bi baƙin ɗaya bayan ɗaya tana cewa "Jambo, jambo," gaisuwar da ba a yi wa kowa sai ɗan yawon buɗe ido. Da ta zo kan mai malafa da baƙin tabarau, hannunta ya tsaya a kan igiyar.

Ko yaron goye ya san abin da ya kamata. Ƙarami ne ke fara gaisuwa, ya rusuna ya ce "Shikamo," babba ya amsa "Marahaba." Kalma ɗaya ce. Ta hau masa har maƙogwaro, ya dubi matarsa ta gefen ido, ya haɗiye ta. Tsohuwar, yayarsa Bi Miza, ta jira. Da ta ga ba ta zuwa, sai ta gyaɗa kai.

"Jambo," in ji ta.

Aka zo wajen ɓare kwakwa. An kafa turke mai tsini a ƙasa, akan ba baƙo ɗaya ya gwada, ya kasa, a yi dariya, a ɗauki hoto. Bi Miza ta ɗauki kwakwa ta miƙa wa mai jagora.

"Ba wancan mai malafar. Ga alama bai taɓa ganin irinta ba."

Ya so ya yi wauta da gangan, wallahi ya so. Amma da nauyin kwakwar ya zauna masa a tafi, hannuwan suka daina jin maganarsa. Ya caka, ya murɗa, ya juya, ya sake cakawa, kafin Turawa su gama saita wayoyinsu ɓawon yana ƙasa. Suka ɓarke da tafi. Wata Baturiya ta roƙi ya sake, ba ta ɗauka ba.

Mama Nasra ba ta tafa ba. Ta dubi bakin tsohuwar, ta dubi na mijinta, ta tuna na 'yarta. Ta tuna ƙaguwa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba don talaucin gidan ba, ita ma a gidan ƙasa aka haife ta, sai don shekarun da ta kwashe tana ba 'yarta labarin dangin Maskat. Ta cire takalmi, ta taka tabarmar, ta durƙusa.

"Shikamo, Yaya."

"Marahaba, 'yar uwa. Matarsa ce ke?"

"Ni ce. Me ne ne sunansa, don Allah?"

"Pandu."

"Pandu," in ji Mama Nasra, tana juya sunan a baki. "Shekara da shekaru ina dafa wa Pandu abinci ban sani ba."

"Kun haihu?"

"Mace ɗaya, Nasra. Wushiryarki ce da ita sak."

Tsohuwar ta sa bakin zane ta goge ido. "Inna ta so ta ji wannan. Duk jirgin da ya tsaya sai ta aika a duba."

Nan fa Mzee Amour ya matso gaba. Ya cire malafa, ya cire tabarau, ya zube a gaban Turawa da wayoyinsu, jallabiya a cikin ƙasa.

"Shikamo, Yaya."

Bi Miza ta dube shi daga kai har takalmi, idonta ya tsaya a kan awarwaron.

"Jambo," in ji ta. Ta kama hannun Mama Nasra. "Shigo, akwai rogo da kifi a wuta. Shi baƙon abincinsa yana otal, an riga an biya."

"Yaya, ki saurare ni mana."

"Ba ni za ka gaisar ba. Inna tana bayan kuka, kusa da Baba. Tun da aka ja katanga ba a bar mu mun shiga ba, ko ranar Salla. Kai da kake da abin hannu, je ka gaishe ta."

Mai jagora ya tafa hannu ya ce lokaci ya yi. Mzee Amour ya koma mota shi kaɗai cikin Turawa, ɗaya har yana dafa masa kafaɗa yana yaba ƙwarewarsa. A ƙofar otal mai gadi ya duba awarwaron, ya sara masa, ya buɗe.

Ya wuce kai tsaye bayan kuka. Ciyawa ce shimfiɗe ko'ina, an aske ta daidai, babu tudu, babu dutse. Ya taka nan, ya ɗauke ƙafa da sauri, ya taka can, ya sake ɗaukewa, don bai san a kan wa yake tsaye ba. Ya tsaya cak, ya ɗaga hannuwa biyu zai yi addu'a. Wani ma'aikaci ya hango baƙo ya ɗaga hannu, ya taho da sauri da faranti, yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, lemon mangwaro za a kawo ko na abarba?"