Gaisuwar Sanusi Mai Baro

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mini Sanusi mai tura baro ba. Lokacin ina Sufeto a sashen nazarin harshe na 'yan sanda a Fatakwal, ritaya ta kusa. Ga wanda bai sani ba, aikinmu sauraro ne: a ba mu murya, mu faɗi ko ta wanda ake zargi ce.

Da daminar wannan shekarar wani saƙon murya ya zaga wayoyin 'yan Kasuwar Oil Mill. Wani ne yake ikirarin shi ɗan ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ne, za su ƙone kasuwa. Aka ga saƙon a wayar Sanusi, aka kama shi. Maigidana, Sufuritanda, ya ce, "Malam Isa, in ka ce muryarsa ce, sai kotu." Tuhumar ta'addanci kuwa, wanda ya shige ta, fitarsa sai Allah.

Ni ba na ba mutum takarda ya karanta, don tsoro yana canja harshe. Shayi nake ba shi, in kunna rakoda, in bar shi ya gaishe ni.

Sanusi ya durƙusa. "Baba, an wuni lahiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya bisashe?"

Bisashe! Wallahi sai da na ajiye biro. Wa ke tambayar lafiyar dabbobi a unguwar Borokiri ta Fatakwal, inda ko wurin ɗaure akuya ba ni da shi? Haka ake gaisuwa a ƙauyenmu can ƙasar Sakkwato. Haka mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take yi wa duk wanda ya shigo. Kewar gida ta kama ni, na bar shi yana ta ba ni labarin gero, alhali rakoda ta daɗe da samun abin da take buƙata.

Na je na gaya wa Sufuritanda cewa mutumin nan ɗan yankinmu ne, zuciyata ta karkata, a ba abokin aikina ya saurara daban. Ƙa'ida ke nan. Sakamakonmu ya zo ɗaya: mai saƙon yana kwaikwayon 'yan ƙauye, amma da ya fusata sai ga "okada", ga Pidgin, bakin wanda ya tashi a kudu. Sanusi turo masa saƙon kawai aka yi. Aka sake shi.

Da zai fita ya ce, "Baba, kai ɗan ina ne?" Na faɗi sunan garinmu. Ya riƙe baki. "Haba Baba! Wallahi na ɗauka nan aka haihe ka."

To, ku masu tasowa, harshe ba ya rufa wa kowa asiri, har mai auna shi. Na ƙare ƙuruciyata ina gane garin mutane daga bakinsu, ban san nawa bakin ya daina faɗin garinmu ba. Da na yi ritaya, motar Sakkwato na shiga. A bakin rijiyar unguwarmu na gaida wata tsohuwa, ta amsa da fara'a: "Sannu da zuwa, baƙo. Gidan wa kake nema?"